Zoben Roba na FKM: Inda Ya Yi Mini Amfani da Inda Ya Gaza

Na sayi kwalin zoben roba mai hana yoyo, wanda makanikai ke kira oring, na nau'in FKM da aka fi sani da Viton, bayan zoben NBR, wato robar nitril da aka saba amfani da ita a wajen mai, da ke cikin famfon man injinmu ya ƙi daɗewa. Duk lokacin da muka kwance famfon sai mu tarar zoben ya bushe ya lotsa, domin zafin man yana haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, wanda kusan nan ne iyakar juriyar NBR.

A wannan wuri FKM ya fitar da ni kunya. Kamfanin DuPont ne ya fito da shi a 1957, kuma sinadarin fulorin da ke jikinsa ne ke sa shi jure zafin da ya kai kusan digiri 200 tare da man inji da fetur da dizal ba tare da ya kumbura ba. Da na ciro shi bayan ya daɗe yana aiki, na same shi da laushinsa, idan an matsa shi yana komawa yadda yake, kuma a wajen zoben hana yoyo wannan komawar ita ce aikin gaba ɗaya, domin robar da ta lotsa ta daina toshe hanya ko da ba ta tsage ba. Yana da nauyi a hannu fiye da NBR, abin da ya fi launi amfani wajen gane na gaskiya, tunda ana yin sa baƙi da ruwan ƙasa da kore.

Abin da ya dame ni shi ne rubutun da ke jikin kwalin, wai yana jure zafi da sinadarai, ba tare da an faɗi waɗanne ba. Na yarda da wannan magana na saka guda a bututun tururi, ba a jima ba ya fara yoyo. Tururi da ruwan zafi aikin wata roba ce daban da ake kira EPDM, haka ma man birki, amma shi kuma EPDM kumbura yake yi da zarar ya haɗu da man inji. Asiton, sinadarin da ake goge fenti da shi, ma yana lalata FKM, sanyi mai tsanani kuma yana sandarar da shi, kamar yadda ya faru da zoben kumbon Challenger na Amurka a 1986. Zoben robar silikon kuwa yana jure zafi da sanyi, sai dai yana saurin yagewa a inda ƙarfe ke gogarsa.

Saboda tsadarsa, ban ga dalilin saka FKM a inda mai ba ya zafi ba, NBR ya wadatar. Yanzu a gefen famfon mai kaɗai nake ajiye kwalin, kuma na rubuta a murfinsa cewa kada a kai shi layin tururi.