Mercedes-AMG G63 a Legas: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Ba duk motar da ke ɗauke da tambarin AMG (sashen Mercedes mai ƙera motoci masu ƙarfi) a kasuwar motoci ta Berger ce AMG ba, domin tambarin a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ma ana samunsa. A fara da buɗe bonet. Injin G63 na asali mutum ɗaya ne ke haɗa shi a Affalterbach ta ƙasar Jamus, kuma akwai ɗan faranti a kansa mai sa hannun wanda ya haɗa. Bayan haka a binciki lambar chasis, don farantin ma ana iya liƙawa.

Iri biyu suka fi yawa a gari. Ta 2012 zuwa 2018 tana da injin M157 mai lita 5.5 da giya bakwai. Ƙarfi kam akwai, amma sitiyarinta na da nauyi, kuma tana jijjiga mutum a kan gargada. Wadda ta fito daga 2018 injinta M177 ne, lita 4.0, turbo biyu, ƙarfin doki 585, giya tara. A ganinmu ita ta fi dacewa da mai zirga-zirga tsakanin Agege da Victoria Island kullum.

Babbar matsalar ita ce fetur da zafi. An ƙera injin don fetur mai oktan 98, na gidajen manmu kuwa bai kai nan ba. Kwamfutar motar takan rage ƙarfi don ta kare injin, amma wanda ya saba take totur har ƙasa da rana tsaka, fistin da fulogi ne za su ji a jikinsu. Ga gosulon gadar Third Mainland: injin yana aiki awa biyu, mitar kilomita ba ta ƙirga komai ba. Shi ya sa ba a jiran allon mota ya nemi sabis. A juye baƙin mai duk kilomita 5,000, mai lambar MB 229.5, kusan lita tara, tare da sabuwar filta. A riƙa wanke lagireto, ƙura na toshe shi.

A M157, a saurari injin da sassafe kafin ya yi zafi. Ƙarar kacar-kacar na daƙiƙoƙin farko alama ce sarƙar tayimin ta saki. A cire soket ɗin sensar kamshaf. In akwai mai a ciki, to yana bin waya har ya kai kwamfuta, gyaran kuwa ba na wasa ba ne. A M177 a leƙa tsakanin inji da giyabos. Yoyon mai a wurin yawanci daga na'urar raba mai da iska yake farawa, sai matsi ya ɓalle sil na baya.

Ambaliyar Lekki fa? Wadda ta fito daga 2018 tana ratsa ruwa har santimita 70, amma a hankali, sannan a wanke ƙarƙashinta, don tsatsa ba ta jira a bakin teku. Kada a saya sai makanikin da ke da na'urar Xentry, kwamfutar binciken motocin Mercedes, ya gwada ta, inji a sanyaye.