Hasumiya mai matakala ko dandamali mai gangare? Duka biyun na gina

Malam, kan tambayarka ta wurin kallon tsuntsayen da ƙungiyarku za ta gina a bakin fadama, doguwar hasumiyar ƙarfe ko gajeren dandamali mai gangare: ku yi dandamalin. Ba ji na yi ba, duka biyun sun ci kuɗina a gonarmu ta yankin Haɗeja.

Hasumiyar na fara yi, mita 8. Ban hana ta haƙƙinta ba, daga sama kana hango ruwa har bayan kachala, doguwar ciyawar nan ta fadama. Iyakar alherinta ke nan. Matakalar ƙarfe ƙara gare ta, kafin ka kai sama kirinjijiya, wato agwagin fadama, sun watse, a watan Maris kuma ba ka iya dafa ta don zafi. Tsofaffi da masu keken guragu a ƙasa ake barin su suna gadin takalma.

Dandamalin kuwa tsayinsa mita 2 da rabi ne kacal. Cikon jar ƙasa muka yi, aka daɓe, aka zuba siminti mai kaushi don kada taya ta zame idan raɓa ta sauka. Lissafin gangaren da ake bi shi ne kowane mita 1 na tsayi ya samu mita 12 na tsawo, ka ga namu ya ci mita 30, ban da wuraren hutawa da muka saka bayan kowane mita 9. Faɗin wurin hutawar mita 1 da rabi, don keke ya iya juyawa. Yanzu ɗora wannan lissafin a kan hasumiya mai mita 8: mita 96 na gangare. Wa zai tura ka?

Mahaifina ne ya sa na gina shi. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bai ƙara ganin fadamar da ya yi rayuwarsa a cikinta ba. Ranar da muka gama, da sanyin safiya cikin hunturu, na tura shi har sama, yana naɗe da bargo. Muna isa ya ce, "To ni zana kuka kawo ni in kalla?" Ashe tagar leƙen da muka yanka a jikin zanar daidai idon mai tsaye take. Nan take aka kawo wuƙa, muka buɗe wata a ƙasa, wajen mita 1 da ɗan ɗoriya, muka cire katakon da ke tokare masa gwiwa. Ya yi shiru ya daɗe. Can sai ya fara kiran sunayensu, ga ɗinya, ga zalɓe, har ya yi wa jikansa faɗa don ya kira zalɓe balbela. Sai da rana ta take ya yarda muka sauko. Saboda haka ku yanka taga hawa biyu tun farko, yara ma ta ƙasan suke amfani da ita.

Inda dandamali ke da rauni shi ne kachala. Ciyawar nan tana wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, kuma ta cinye wurare da yawa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Idan kuka kafa shi a bayanta, ganye za ku yi ta kallo. Ku nemi tudun da ke fuskantar buɗaɗɗen ruwa, ku tambayi masunta inda ambaliyar Agusta da Satumba ke tsayawa, ku gina sama da nan. Tagar kuma kada ta kalli gabas, rana za ta cika muku ido a daidai lokacin da tsuntsaye suka fi kai-kawo. Aikin ya ƙare kafin Oktoba, don daga nan ne baƙin tsuntsayen Turai ke fara sauka, su zauna har wajen Maris, kuma ba sa son ƙarar guduma. In wurin na jama'a ne, ka tuna dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta hanyar da keke zai bi a gine-ginen jama'a.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wani mai sayar da ƙarfe ya sayar mini da bututu a kan cewa ba ya tsatsa, ashe fenti mai ruwan azurfa aka shafa masa, damina ɗaya ta tona asiri. Ka kankare da makulli kafin ka biya, ka kuma duba kaurin bakin bututun da idonka. Katako ma haka: ana shafa wa farin katako ja a ce maɗaci ne, gara ta gama da shi cikin shekara. Ka sa a yanka ɗan guntu a gabanka ka ga cikinsa. Mu rumfar sama da azarar giginya muka yi ta, gara ba ta cika taɓa ta ba. Mai walda kuma kada ka ba shi kuɗi duka a hannu, sai ka hau keke da kanka ka tura shi daga ƙasa har sama ba tare da an taimaka maka ba.