Gaɗa a dandali ko ajin rawa a makaranta?

A Argungu yarinya tana da hanya biyu ta koyon rawa.

Ajin makaranta yana da tsari. Malama ke nuna taku, mai kalangu yana kiɗa, yara suna maimaitawa har ƙafafunsu su daidaita, galibi don ranar al'adu. Hankalin iyaye kwance yake, tunda da rana ake yi a gaban manya. Sai dai takun na malama ne.

Gaɗa kuwa ba ta da malama. Da farin wata 'yan mata suna yin da'ira, tafi ne gangarsu. Ɗaya ta faɗa da baya, ƙawaye su tare ta su cilla ta. Mai ba da waƙa tana ƙirƙirar baiti nan take, ta saka sunan ƙawarta, 'yan amshi su karɓa. Wadda ta kawo sabon salo, gobe kowa ya ɗauka. Nan basira ke tsirowa, shi ya sa yake damuna ganin dandalin unguwarmu ya zama wurin ajiye babura.

Na fi son 'yata ta yi gaɗa, ko a tsakar gida ne bayan isha'i.