Tsaraba Daga Gidajen Tarihi na Danmak da Suwidin: Wane Shago Ya Fi?

Wanda tafiya ta kai shi Kwapanhagan ko Stockholm, yana kuma son tsarabar da ba za ta ba shi kunya a gida ba, gara ya nufi shagunan gidajen tarihi ya bar na bakin titi. Sai dai su ma iri biyu ne: masu sayar da kayan manyan kamfanoni, da masu sayar da aikin hannu.

A rukunin farko akwai Louisiana, gidan zane-zanen zamani da Knud W. Jensen ya buɗe a 1958 a Humlebæk, kimanin kilomita 35 arewa da Kwapanhagan. Shagonsa babba ne, ga tangaran, ga fitilu, ga tufafi da littattafai, an jera komai gwanin sha'awa. Na Designmuseum Danmark da ke titin Bredgade bai kai shi girma ba, amma yana cikin gari, kuma mutum zai fara ganin kujerun Hans Wegner da Arne Jacobsen, fitattun masu tsara kayan ɗaki na Danmak, a cikin gidan tarihin, idonsa ya waye kafin ya taɓa aljihu. Abin lura kawai, yawancin kayan kamfani da ke waɗannan shaguna ana samun su a manyan kantunan birni, wani lokaci da rangwame. Ɗauki birin katako na Kay Bojesen, wanda ya fito a 1951: ko a filin jirgi za ka gan shi. (Farin katakon jikinsa, limba, itacen Afirka ne, shi ake kira afara a kudancin Najeriya.) Abin da ya cancanci kuɗinka a nan shi ne wanda babu shi a wani wuri, wato fastocin nune-nunen gidan da littattafan da suka buga da kansu. Fasta ba ta da nauyi, ba ta fashewa.

Ni dai na fi karkata ga rukuni na biyu. Skansen, gidan tarihi na fili wanda Artur Hazelius ya kafa a Stockholm a 1891, yana da maƙerar gilashi inda ake hura narkakken gilashi a gaban idonka, kuma ana sayar da abin da aka yi a wurin. Dokin katako na yankin Dalarna a Suwidin, mai ja da furanni, na ainihi a ƙauyen Nusnäs kusa da Mora ake sassaƙa shi a yi masa fenti da hannu, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Juya shi ka duba ƙasansa, ka tambayi mai shago inda aka yi shi. Wannan tambayar ce jigon sayayyar duka, domin "an tsara a Danmak" daban, "an ƙera a Danmak" daban, kuma kamfanoni da dama sun kai aikinsu ƙasashen waje.

Kayan mutanen Sami na can arewa, irin su kofin katako da aikin fatar barewarsu ta kiwo, ana yi musu jabu. Nemi tambarin Sámi Duodji. Gidan tarihi na Ájtte a Jokkmokk wurin amana ne, sai dai nisa. In ka sayi wuƙarsu, a babban akwati za ka saka ta, ba a jakar hannun da za ka shiga jirgi da ita ba.

Batun kuɗi: ba a taya, farashin da aka rubuta shi ne. Danmak da Suwidin ba sa amfani da yuro, kuma shaguna da yawa a Suwidin ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Harajin yawancin kaya kashi 25 cikin ɗari ne, yana cikin farashin. Baƙon da ba ya zaune a Tarayyar Turai yana iya karɓo wani ɓangare idan shagon yana cikin tsarin. Nemi takardar karɓo harajin tun a wurin biya, ka ajiye rasit, ka bar kayan a kwalinsu har kwastan su gani.