Jaka 47 a gidan abincin teku, muka ƙare a wajen mai balangu

Da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito aka ce 'yata ta fari ta ci, na ce ta faɗi abin da take so. Ta ce a kai ta gidan abincin nan na kayan teku na nan Maradi da take gani a Facebook. Sunansa dai na bar shi a cikina. Mu shida muka je ranar Asabar bayan isha'i: ni, uwargida, yara uku, da Inna, wadda sai da aka sha lallashi kafin ta rabu da tabarmarta.

Wuri kam ya tsaru. Kilim na busa sanyi, an rataya taru a bango, ga ma'aikata da farar riga. Da aka miƙo takardar abinci na ga kuɗin, sai na gyara zama. Farantin jatan lande jaka 9, gasasshen kifin da suka rubuta dorad jaka 12, kalamar, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, jaka 8. Uwargida ta taɓa ni ta ƙarƙashin tebur. Na yi kamar ban ji ba, ranar yarinya ce.

Awa guda da kwata muka yi muna jira. Auta har ya yi barci a cinyar uwarsa.

Jatan landen ne ya fara isowa, guda shida-shida a faranti biyu, an kewaye su da ganyen salati don su cika ido. Inna ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ta juya shi, ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai fara ce ta ruwa. Da ka faɗa mini da na aika an auno tiya guda da yajinta." Yara suka fashe da dariya. Ni ma na dara, har sai da na ɓare nawa. Kan ya yi baƙi, naman ya saki yana narkewa a hannu kamar dafaffen dankali, ga wani ɗan wari mai hawa hanci da tafarnuwa ta kasa rufewa. Kalamar kuwa tauna kawai kake, kamar robar silifa.

Kifin ne ya fi ɓata mini rai. Fatarsa ta ƙone, amma da na kai cokali kusa da ƙaya sai na ji sanyi, da sauran ruwan ƙanƙara. Daga farigo aka ɗora shi kan wuta. Na kira yaron da ke mana hidima na nuna masa. Ya ce, "Alhaji, haka ake cin na teku." Na tambaye shi daga ina kifin yake, ya ce Kwatano.

Na san Nijar ba ta da teku. Tsakanin Maradi da Kwatano ya haura kilomita 1,000, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina suke zagayowa. Kifin da ya yi wannan tafiya, ya zo ya tarar da ɗaukewar wuta irin tamu, ya narke ya sake daskarewa, dole ya yi tsada kuma dole ya gaji. Tsadar na yarda da ita. Abin da ban yarda da shi ba, a ajiye wa mahaifiyata ɗanyen kifi a ce haka ake ci. Ga tafkin Madarunfa a ƙofar gida, inda ake fito da tarwaɗa da karfasa suna motsi, amma ko ɗaya babu a takardarsu.

Furit da aceke, wato soyayyen dankali da dambun rogo, ba laifi, su yara suka cinye. Yaron ma yana da ladabi, ba shi ya dafa ba.

Da lissafi ya zo, jaka 47 har da lemo da ruwa, kuma kifin da muka mayar kusan yadda ya zo yana ciki. Na nemi ganin mai wurin aka ce ya fita. Na biya. Kuɗin ya fi na buhun hatsi, Inna ce ta tuna mini a mota, sau biyu.

A hanya muka tsaya wajen mai balangu na sayi na jaka 3 da albasa da yaji. A tsakar gida muka baje takardar muka ci. Mai bak ɗin ba ta ce komai ba sai da na tambaye ta, ta ce, "Baba, ai na ɗauki hoto kafin mu taɓa." Ta nuna mini a waya, jatan landen ya fito ja wur.