Karofin Ƙofar Mata ga mai neman shuɗi da kyamara

Sana'ata ɗinki ce, amma duk wanda ya buɗe wayata zai ga hotunan abu shuɗi sun fi na ɗinki yawa: ƙofar shago da aka shafa wa fenti, durom ɗin ruwa a bakin famfo, hijaban 'yan Islamiyya idan an tashi, sararin sama bayan an ɗauke ruwa a watan Agusta. Masu irin wannan sha'awa sukan tambaye ni inda ya fi cancanta su je a Kano, kuma amsata ba ta canzawa: karofin Ƙofar Mata, wato wurin rini na gargajiya, can kusa da Asibitin Murtala.

Marinar tana ƙirga tarihinta daga 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ramuka ne a jere cikin fili, an dalaye cikinsu da laso, wato simintin gargajiya, don kada su tsotse ruwa, kuma waɗanda ake aiki da su a yau ba su kai waɗanda aka bari ba. Baba, wato ganyen da ke ba da shuɗin, ake zubawa da toka da katsi (busasshen guiɓin tsohon rini), a bar haɗin ya ruɓa, ana motsa shi da muciya. Yana da wari, kuma ba a daɗewa hanci ke sabawa.

Abin da ya sa nake tura mutane can shi ne abin da ke faruwa idan marini ya ɗago yadi. Ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye a gaban idonka. Nan take ake mayar da shi cikin ramin a sake ɗagowa, kuma yawan tsomawar ne ke sa launin ya yi duhu, tun daga mai haske har wanda ya kusa zama baƙi. Wanda ya tsaya daga nesa ya ɗauki ramukan ya wuce bai samu komai ba. Durƙusa kusa da marinin, ka bar shi ya ci gaba da aikinsa, ka ɗauki hannunsa tare da yadin, domin hannun nan da baba ya rine shi ya fi kowane abu a wurin ba da labari. Malamin da ya zagaya da ni bai gaggauta ni ba ko kaɗan. Da ya lura ina jiran juyewar launin, sai ya ce, "Alhaji, bari in ɗago maka a hankali, ka shirya." Wannan karamci ya zauna mini a rai.

Sai dai a san halin waya. Idan ta ga yadi mai duhu ya cika mata fuska, sai ta ƙara haske da kanta, shuɗin ya koɗe ya koma ruwan toka, wani lokaci kuma ta karkata shi zuwa ruwan hoda don tana ƙoƙarin daidaita launi. Maganinsa ka taɓa yadin a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan, sannan ka sa wani abu fari ya shigo cikin hoton, ko da yadin da ba a rina ba ne. Yadin ɗauri, wanda ake ɗaurewa kafin a rina ya fito da zanen farare, ya fi sauƙin ɗauka saboda haka.

Je da hantsi. Rana tana take tsaka inuwa ke yin kaifi, ruwan ramin ya riƙa ƙyalli. Lokacin hunturu ma hazo kan mayar da sama fara fat, don haka mai son shanyar yadi ta haɗu da shuɗin sama ya jira damina.

Kada ka tafi ba ka leƙa mabuga ba. A nan ake ɗora yadi kan gungume a yi ta dukansa da gudumar itace har ya yi sheƙi, irin sheƙin turkuɗi, wato yadin baba mai duhu, da rawanin ɗan Kura wanda Buzaye suka daɗe suna saye. Wannan shi ne mafi wuyar ɗauka, domin ƙyallin yana canzawa da ka ɗan motsa. Hasken da ke shigowa ta ƙofa daga gefe ya fi fitilar waya nesa ba kusa ba.

Akwai abin da nake roƙon duk mai zuwa. Wurin neman abincin mutane ne, kuma yadin kanti mai araha ya riga ya cinye musu kasuwa. Yi sallama, nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka ba wanda ya zagaya da kai abin goro, ka kuma sayi ko da ƙyalle ɗaya ne. Ni na sayi mai ɗauri na ɗinka wa maiɗakina riga. Ya zuba a wankin farko, kamar yadda suka faɗa mini tun kafin in biya, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.