Kafin ka turo kuɗin gem, ga yadda kasuwar take a Japan

Ƙanina, na ga saƙonka da na abokanka. Duk kun taru a kan magana ɗaya, wai tunda ina zaune a ƙasar su Sony da Nintendo, na'urar gem ta zama banza a wurina, ku turo kuɗi in saya in aiko. Ku dakata tukuna. Kaya akwai su maƙil, amma an tsara kasuwar ne don mutanen cikin ƙasa, kuma arahar da kuke hange daga nesa a kulle take.

Ka ɗauki Switch 2 da ta fito ranar 5 ga Yuni, 2025. Iri biyu Nintendo ya fitar a nan. Mai araha ta fito a kan yen 49,980, sai dai Japananci kawai take ji, kuma ba ta karɓar asusun da ba na Japan ba. Mai harsuna da yawa ta fito a kan yen 69,980, a shagon kamfanin na intanet. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yen ta yi rauni, 'yan kasuwa suna kwashe kaya su fitar waje su ci riba, shi ne aka ɗaure mai arahar da harshe. A farkon fitowarta a 2025, ko sayen ma sai da ƙuri'a. A zagayen farko mutum kusan miliyan 2.2 suka nema, kuma kafin ka shiga sai ka nuna ka buga awa 50 a tsohuwar Switch, ka kuma shekara guda kana biyan kuɗin wasan intanet nasu. Sony ma ya bi sahu. PS5 mai cin faifai ta tashi zuwa yen 79,980 a Satumban 2024, sai a Nuwamban 2025 aka fitar da wata marar faifai a kan yen 55,000, ita ma Japananci zalla. Ban ga laifinsu ba, kowa nasa yake karewa. Amma idan na aiko maka da irin wannan, ko wurin kashe sauti sai ka yi lalube.

Inda suka yi wa kowa fintinkau shi ne kayan gwanjo. Shaguna irin su Book Off da Hard Off da GEO suna ko'ina, har ƙananan garuruwa. Za ka ɗauki faifan da ya shekara ashirin, ka same shi da kwalinsa da ɗan littafinsa, wani lokacin har da takardar talla da aka saka ciki tun daga kamfani. Idan akwai ƙarzuwa a jiki an rubuta, idan hannun gem ɗin maɓallinsa ɗaya yana maƙalewa an rubuta, an kuma rage kuɗi daidai aibin. Babu ciniki, babu rantsuwa. A Hard Off akwai wani ɓangare na kayan da ba a ba da garanti a kansu, an zuba su cikin akwatuna, ka tona ka zaɓa, in ta tashi sa'arka, in ba ta tashi ba kada ka dawo. Masu iya gyara nan suke wuni. Da yawa ƙura ce kawai ta hana su aiki. Akihabara, unguwar kayan lantarki da gem ta Tokyo da kuke gani a bidiyo kuwa, wuri ne na kallo. Shago irin Super Potato ya cancanci a shiga a ga Famicom, tsohuwar na'urar Nintendo ta 1983, jere a kan kanta, amma farashin na 'yan yawon buɗe ido ne. Mai neman sauƙi jirgin ƙasa yake hawa ya fita bayan gari.

Ga inda mutane ke asara. Wutar Japan bolt 100 ce. PS5 da cajar Switch suna ɗaukar daga 100 zuwa 240, babu matsala, amma tsofaffin na'urori kana jona su a wutarmu ba tare da taransifoma ba sai hayaƙi. PS2 da 3DS na Japan ba sa cin faifai ko kaset na Turai. Faifan PS5 yana tashi a PS5 ta kowace ƙasa, amma ƙarin wasan da ake saya ta intanet sai ya dace da ƙasar faifan. Da yake Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe wa asusun PlayStation, na san naka na Ingila ne ko Amurka, don haka faifan Japan zai iya barinka da rabin wasa. Sannan ba kowane faifai ke ɗauke da Turanci ba. Akwai kuma hukumar tace wasanni, CERO, mai matakai A, B, C, D da Z. Ko mai alamar Z, na 'yan shekara 18 zuwa sama, ana rage masa jini da yanke-yanke. Resident Evil da ake kira Biohazard a nan, Japanawa ne suka yi shi, amma na Turai ya fi nasu cika.

Intanet kam sai dai a yi shiru. Wasan da kake kwana kana saukewa, nan kafin ka yi wanka ya gama. Sabar wasanni da yawa tana Tokyo, kana danna maɓalli abu na faruwa, ba kamar yadda muke bugawa ta sabar Turai ba. Wanda ya saba ɗora wa netwok laifin cinye shi da aka yi, nan ba shi da mafaka.

Gidajen gem nasu suna nan, duk da sun ragu ƙwarai. Sega ma ya sayar da nasa, tun 2022 sunan ya koma GiGO. Yen 100 ake jefawa a yi wasa ɗaya. Hawan ƙasa duk injinan kamun 'yar tsana ne, a ganina hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Sama za ka hau ka ga gwanaye: magidanci da jakar ofis a gefe yana wasan dambe ko na kiɗa, hannunsa ba ya ganuwa don sauri, ya gama ya tashi ba tare da ya ce wa abokin karawarsa uffan ba. Wannan shirun har yau bai zauna mini ba. Ƙwallo kuma ba ita ce sarauniya ba, duk da Konami mai Winning Eleven ɗan nan ne. Monster Hunter da Splatoon da Dragon Quest su ake hira a kai. Xbox kuwa sai ka zagaya shago kafin ka ga ɗan lungun da aka ba ta.

Abin da ban so ba shi ne wasannin waya masu gaca, inda kake biyan kuɗi a juya maka ko za ka dace da jarumin da kake so. Hukuma ta hana wani nau'insa a 2012, sauran suna nan suna cin albashin mutane. Ni dai caca nake kiransa.

Batun anime, katun ɗin Japan, zai ba ka dariya: kai ka fi ni more shi. Crunchyroll, manhajar kallon anime, mallakar Sony ce, amma ba ta aiki a cikin Japan. Yawancin sababbin shirye-shirye da tsakar dare ake saka su a talabijin, babu fassara a ƙasa. Faifan Blu-ray mai kashi biyu ko uku yakan kai kuɗin sabon gem.

Saboda haka na'ura ka neme ta ta Turai ko Dubai, mai dacewa da asusunka. Ni abin da zan iya aikowa shi ne hannuwan gem na gwanjo masu lafiya, da faifan da na tabbatar yana da Turanci. Ka haɗa sunayen wasannin da kuke so, ka rubuta ƙasar asusun kowa a gefen sunansa, ka turo kafin ƙarshen wata. Ka gaida su Umma.